Masu Gadi Biyu a Shagon Mai Hoto

Duk unguwar babu fuskar da ba ta taɓa zama a kan kujerar Mai Hoto ba, kujerar nan mai guntuwar ƙafa da yake tokarewa da ɓallin katako. Ya ɗauke su suna jarirai, ya ɗauke su ranar shiga makaranta, ya ɗauke su da gemu. Amma matarsa, uwar 'ya'yansa, hotonta ɗaya ne tak a duniya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Mace ce da ba ta shiri da kyamara. Da ya ɗaga ta sai ta kare fuska da tafin hannu ta ce, "Je ka nemi masu biyanka." Wanda ya samu ɗin ma satarsa ya yi. Ta leƙo ƙofar shago da kwanon abincinsa, wani abu ya ba ta dariya, shi kuwa da sauran fim a kyamara, sai ya danna kafin ta ankara.

Bayan rasuwarta laima ta cinye fim ɗin a cikin akwati. Katin da ya wanke ya rataye a bango, shi ma rufin shago ya yi yoyo a kansa. Allah ya sa ya ciro shi ya ɗora a sikana kafin ruwan ya ƙarasa shi. Tun daga nan hoton ba shi da wani gida sai cikin tsohuwar kwamfutar da ke kan tebur kusa da firinta. Kullum in rana ta yi sanyi ciniki ya lafa, sai ya buɗe shi ya ƙara masa girma, yana goge tabon ruwa ɗigo-ɗigo da maus, kamar mai tsince tsakuwa a hatsi. Ba ya sauri. Wanda ba ya son gama gyara ba ya rasa tabo.

'Ya'yansa biyu ne, Dogo da Auta, kuma in akwai abin da aka san Mai Hoto da shi bayan hoto, to rabo daidai ne. Tun suna yara, in zai raba musu lemo sai ya jera salar a kan tebur ya daidaita. Riga iri ɗaya, takalmi iri ɗaya, in ɗaya ya yi laifi bulala ta hau su duka, don kada wanda aka daka ya ce an fi son ɗan'uwansa. Yakan ce, "Ba za a tashe ni gobe a tambaye ni wa na fifita ba." Marigayiya ta sha gaya masa cewa yaron da aka saba auna wa abinci, ma'auni yake kallo, ba tasa ba. Bai ji ba. Haka suka girma kowa idonsa a kan hannun ɗan'uwansa. Dogo ya zama ma'aikacin ofis, Auta ya buɗe rumfar sayar da waya da gyaranta a bakin titi. Rabonsu da zama a inuwa ɗaya tun zaman makokin uwarsu. In Dogo zai gaida Baba, da safe yake biyowa kafin ofis. Auta kuwa sai rana ta karya.

Kowannensu ya roƙi hoton a ɓoye. Dogo ya ce a bari ya ajiye kwafi a ma'ajiyarsa ta intanet. Auta ya ce a tura masa a waya, ai ƙiftawar ido ne. Amsa ɗaya suka samu.

"Ranar da kuka zo tare kuka zauna a kan bencin nan, zan fitar da guda biyu girma ɗaya, in miƙa muku da hannu biyu lokaci ɗaya. Kafin nan babu mai samu."

Da wannan igiya yake zaton zai ɗaure su.

Ana nan sai aka fara jin labarin bairos, cutar nan mai lalata kwamfuta, a layin. Mai buga takardu na kan kwana ya buɗe kwamfutarsa ya tarar da aikin mutane ya zama shirme, har aka taru a ƙofarsa ana hayaniya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mai Hoto ya kira 'ya'yan a waya, ya faɗa wa kowa magana iri ɗaya, don ba ya gaya wa ɗaya abin da bai gaya wa ɗayan ba.

Dogo ne ya fara zuwa, da sassafe, yana duba agogo.

"Baba, riga-kafi ya fi magani. Wannan antibairos ɗin na saye ne, irinsa muke aiki da shi a ofis. Ba irin na tsintuwa da ake rabawa a titi ba."

"To mene ne aikinsa?"

"Mai gadi ne. Duk abin da zai shigo sai ya caje shi a bakin ƙofa. In ɓarawo ne ya riƙe shi."

Ya zauna ya yi ta danne-danne, har wata 'yar garkuwa koriya ta fito a kusurwar allo. Ya kakkaɓe wando ya tafi.

Da rana Auta ya faka babur ɗinsa ya shigo. Ko gaisuwa bai gama ba idonsa ya faɗa kan garkuwar.

"Wa ya sa wannan? Ba sai an faɗa ba, na ji ƙamshin turaren ofis."

"Yayanka ne. Kuma ka iya bakinka."

"Baba, wannan jibgegen ai ya fi ƙarfin tsohuwar nan. Kamar a ɗora wa jaki injin niƙa ne. Kuma shekara na zagayowa zai miƙo hannu ya ce a sabunta shi. Ni ina da wani mara nauyi, kyauta, shi nake sa wa duk wanda ya zo wurina, ba wanda ya taɓa dawowa da kuka. Bari in tsige wannan."

Ya kai hannu kan maus, uban ya buge hannun.

"Ba za ka tsige ba."

Auta ya miƙe ya ɗauki makullin babur. "Shi ke nan. An zaɓi na manya."

Da zagi ya yi, da ya fi wa tsohon sauƙi a kan wannan kalma.

"Dawo ka zauna. Wa ya ce maka an zaɓa? Sa naka kusa da nasa."

Auta ya dawo. Ya san ba a yin haka, sana'arsa ce. Amma ganin tambarinsa kafaɗa da kafaɗa da na Dogo ya fi masa gaskiya daɗi. Ya zauna ya sa. Wani shuɗin ƙwallo ya fito ya tsaya gefen garkuwar, girmansu ɗaya. Mai Hoto ya daɗe yana kallonsu yana gyaɗa kai. Gidan da ke da masu gadi biyu, wane ɓarawo ne zai yi gigin haurawa?

Ba a kwana biyu ba masu gadi suka kaure da faɗa. Koren ya ce ya kama ɓarawo, in an duba shuɗin ya riƙe wa wuya. Shuɗin ya fito da jan akwati ya ce akwai mugu a gida, shi ma koren yake nufi. Kwamfutar ta koma nishi kamar mai ciwon ƙirji, fankarta na kuka. Hoton fasfo da yake fitarwa kafin mutum ya gama ɗaura takalmi, yanzu sai mai shi ya zauna ya yi hamma ya tashi ya leƙa titi. Abin da ya fi ci masa rai, in ya buɗe hoton marigayiya sai fuskar ta riƙa saukowa layi-layi, maus ya sandare a hannunsa, jan akwati ya faɗo a kan bakinta.

Ya aika aka kira Mai Gyara, wata mata mai shagon gyaran kwamfuta a ƙarshen layi, wadda shi ya ɗauki hotonta tun ba ta iya zama ba. Ta duba allo ta riƙe haɓa.

"Baba Mai Hoto, wa ya haɗa maka wannan dambe? Karnuka biyu ka ɗaure a turke ɗaya."

"'Ya'yana ne, 'yan'uwanki. To ke da kika sani, wanne ya fi?"

"Duk biyun suna aiki. Wallahi ko ido ka rufe ka nuna, wanda yatsanka ya faɗa ya ishe ka. Amma ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa."

"Ba a iya raba musu aikin? Wannan ya tsare gaba, wancan ya tsare baya?"

Ta yi dariya har da dafa tebur. "Baba, kwamfuta ba ta san wa da ƙane ba. Ƙofa ɗaya ce, kujerar gadi ɗaya ce." Sai ta daina dariyar. "Kuma ka bari in kwafe maka hotunan nan a filas, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a kwamfuta, ka ajiye daban. Ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya a kan babur."

Ya girgiza kai. Ya san kansa. Muddin hoton ya shiga abin da ke shiga aljihu, ranar da ɗaya daga cikin yaran ya zo ya marairaice, zai ciro ya ba shi, shi ke nan igiyarsa ta tsinke.

"Abin da ya shiga aljihu ya bar hannu. A bar shi inda yake."

"To. Kunne dai ya ji." Ta nuna masa yadda ake kashe mai gadi: a danna tambarin, a zaɓi layin ƙasa, sai launinsa ya koma toka. "Ka kashe ɗaya ka ga yadda za ta numfasa. In ka yanke shawara ka kira ni in tumɓuke shi gaba ɗaya."

Washegari ya tari Dogo da maganar.

"An ce ɗaya za a bari. Ka haƙura, kai ne babba."

Dogo ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "In za a haƙura ni ne babba, Baba. In za a raba kuwa, kanmu ɗaya. Tun muna yara haka ne. Ni dai na kawo abin kirki. In na rumfa ka fi so, ai shagonka ne."

Da rana ya tari Auta.

"Na yayanka ya riga shiga."

"Ai komai ya riga ni, har duniyar. A cire nawa mana, na banza ne, ɗan bakin titi ya kawo. Amma in an cire, don Allah kada a sake kirana a kan kwamfutar nan."

Tsohon ya zauna shi kaɗai tsakanin kore da shuɗi, ga jan akwati na faɗowa yana rufewa, yana faɗowa yana rufewa. Har hannunsa ya saba, yana rufewa ba tare da ya duba abin da aka rubuta ba. Kwanaki suka shuɗe a haka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa wannan bango tun ba yau ba yake a tsage.

Ran nan da hantsi wani direban babbar mota ya faɗo shagon yana gumi, da wani tsohon filas ɗaure da zare a makullinsa.

"Tsoho, hotona na ciki, na lasin ne. Fitar mini yanzu-yanzu, na bar mota da kaya a bakin hanya."

Filas ne da ya shiga shaguna fiye da yadda mai shi ya shiga garuruwa. Ana soka shi, masu gadin nan suka ɗauki ihu tare. Jan akwati a kan jan akwati, ƙara a kan ƙara. Wannan karon ba juna suke nufi ba. Amma wanda ya saba jin maƙwabta na faɗa, ranar da suka yi ihun gobara juyawa yake ya gyara kwanciya. Mai Hoto ya rufe, suka dawo. Ya sake rufewa, kwamfutar ta sandare.

"Haba tsoho! Wannan akwatin naka da gawayi yake aiki? In ba za ta yi ba ka ba ni abina."

Kunya ta kama shi. A shagonsa, a kan sana'ar da ya tsufa a ciki. Ya tuna abin da Mai Gyara ta nuna masa. Ya kai maus kan koriyar garkuwa, sai ya ga Dogo gobe da safe yana leƙa kusurwar allo, ya ga nasa ya yi toka na ƙanensa na haske. Ya janye. Ya kai kan shuɗin, sai ya ji ƙarar makullin babur. Ya janye. Direba na buga ƙafa a ƙasa.

Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ya yi ta yi tun yaran na rarrafe. In ɗaya ya yi laifi, bulala ta hau su duka. Ya kashe koren, tunda shi ya fara shiga. Ya kashe shuɗin. Ya duba ya ga tokarsu iri ɗaya, ba wanda zai ce an yi masa ba a yi wa wani ba. Zuciyarsa ta yi sanyi.

Nan take kwamfutar ta sake kamar an sauke mata dutse. Filas ya buɗe, firinta ta zaro hoton direba, ya yanka masa da almakashi.

"Yauwa! Ashe tana da gudu, rowa take yi." Ya karɓa ya fita da sauri.

Mai Hoto bai tashi masu gadin ba. Shagon ya yi shiru irin na da, wa zai tono faɗa da hannunsa? Da yamma ya buɗe hoton marigayiya, ya fito gaba ɗaya a lokaci ɗaya, tana dariya a bakin ƙofa da kwano a hannu. Ya goge wani tabo da ya daɗe yana damunsa a gefen leɓenta. Rabon da ya ji daɗin aiki irin na wannan yammaci har ya manta.

Da safe ya kunna kwamfutar, ya tarar duk hotunan sun zama fararen takardu masu sunaye irin na aljanu. Ya danna na wani ango, bai buɗe ba. Ya danna na 'yan makaranta, bai buɗe ba. Ya daɗe hannunsa na kan maus kafin ya danna nata. Wani ɗan akwati ya fito, mara launi, mara ƙara, ya ce ba a iya buɗe wannan.

Da kansa ya rungumi kwamfutar ya kai wa Mai Gyara, wayoyi na jan ƙasa a bayansa. Ba ta ce masa "na gaya maka" ba, kuma rashin faɗar ya fi faɗar zafi. Ta riƙe ta 'yan kwanaki tana tono abin da za a iya tonowa. Ranar da ta dawo da ita ta jona masa, ta buɗe abu ɗaya, ta fita ba tare da ta dube shi ba.

A hoton marigayiya, saman ƙofar shago ya fito sarai, har da ƙusar da ake rataye labule. Ga ɗankwalinta, ga goshinta. Daga nan zuwa ƙasa toka ce shimfiɗe kamar bangon siminti. Babu ido, babu dariya, babu kwano.

Ya kira 'ya'yan, magana iri ɗaya. Wannan karon ba wanda ya tsaya duba lokacin ɗan'uwansa. Suka iso kusan tare, kuma da yake babu wani wurin zama, suka zauna a kan bencin, kowa a ƙarshensa. Suka kalli allo.

Dogo ne ya fara. "Ga abin da shara ke jawowa. An kwaso abin banza an zuba a kan na kirki."

"Na kirkin naka ina ya tafi da ɓarawo ya shigo? Hutun ofis ya ɗauka?"

"Kai ka san ba a haɗa biyu. Ko a rumfar taka ba a koya maka ba?"

"Kai da ka sani me ya hana ka cire naka? Girman kai!"

"Ya isa," in ji uban. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma suka yi shiru. "Duk biyun sun gan shi. Duk biyun sun yi ihu. Ni na kashe su."

"Ka kashe wanne?" Dogo ya tambaya.

"Duka."

"Duka biyun, Baba?"

"Da na kashe ɗaya, da mai shi ya ce..." Bai ƙarasa ba.

Auta ya dubi Dogo. Dogo ya dubi Auta. Rabon da su haɗa ido ba da harara ba, tun uwarsu na raye.

"Da nawa ka kashe," in ji Auta a hankali, "da na yi fushin kwana biyu na dawo. Da yanzu tana nan."

Dogo ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. "Ni ma haka. Amma ba fushinmu ka ji tsoro ba, Baba. Tsoronka kada a ce ka yi son kai. Sunanka ka yi wa gadi, ba ita ba."

Akwai amsa a bakin tsohon. Yana iya tuna musu wanda ya ce kanmu ɗaya, da wanda ya ce kada a sake kirana, da wanda ya san ba a haɗa biyu ya yi shiru. Amma laifin ɗaya ya ɗan fi na ɗayan nauyi, kuma bai san yadda zai faɗa ya zo daidai ba. Sai ya haɗiye.

Alkawari kaya ne. Sun zo tare, sun zauna a kan benci. Ya sa takarda mai ƙyalli a firinta, mafi kyau da yake da ita, ya fitar da guda biyu. Ya ɗora a kan abin yanka ya daidaita gefe. Ya miƙa musu da hannu biyu, lokaci ɗaya, kamar yadda ya faɗa.

Suka karɓa don ladabi. Dogo ya kalli goshin uwarsa da tokar da ke ƙasa, ya ajiye katin a kan benci. Auta ya ajiye nasa a gefe. Suka miƙe.

A bakin ƙofa Auta ya ciro makulli ya ce, "Yaya, zo in sauke ka."

Mai Hoto ya tsaya yana kallo ta labule. Dogo ya tattara wandon ofis ya hau bayan babur ɗin ƙanensa, ya dafa kafaɗarsa don kada ya faɗi. Abin da ya yi shekaru yana roƙon Allah ya nuna masa ke nan. Ba wanda ya waiwayo.

Ya koma ciki ya ɗauki katunan biyu daga kan benci. Ya haɗa su baki da baki ya ɗaga wajen haske, sai ya ga farin gefen ɗaya ya ɗara na ɗayan da kamar kaurin farce. Ya jawo abin yanka, ya gyara zaman tabarau, ya shiga daidaitawa.